Karan da Na Auna Ɗan Yayata

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Littafin da nake rubutu a ciki yanzu shi ne na uku da na saya saboda wannan magana. Na farko gara ta cinye shi ban rubuta ko bisimilla ba, na biyu na ba jikar maƙwabcina ta tafi da shi makaranta. Tsoro iri biyu ne ya riƙa riƙe mini hannu. Ina tsoron in faɗi abin da zai jawo wa wani matsala a inda yake, idan yana raye. Ina kuma tsoron in aika tambaya amsa ta zo, ta zama wadda ba na son ji. Shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba. Karatuna bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya yi mini afuwa.

Dole in fara da mahaifina, in ba haka ba ba za a gane abin da na yi ba. Yana cikin masu haƙa kabari a ƙauyenmu. Ba sana'a ba ce, lada ake nema. Idan aka yi rasuwa shi ake kira ya auna mamaci. Sai ya zaɓi karan dawa miƙaƙƙe, ya shimfiɗa shi a gefen gawa daga tsakar ka zuwa diddige, sannan ya jera yatsunsa huɗu a bayan diddigen ya karya karan a nan. Yatsu huɗun nan sarari ne da ake bari don kada kabari ya matse mai shi. Daga nan a ɗauki karan a kafaɗa a nufi makabarta. Duk wanda ya ga kara a kafaɗar mutum ba ya jiran a kira shi, fartanya yake ɗauka ya biyo baya. Da ƙarfin mahaifina ya ƙare, ni na gaje shi, na yi shekaru ina yi. Abu biyu ya gargaɗe ni a kai. Karan awo ba ya komawa gida, kakkarya shi ake yi a ɗora a kan kabari bayan an rufe. Kuma ba a shimfiɗa shi a gefen mai rai.

Na zo Abuja a shekarun da gwamnati ta taso daga Legas ta tare a nan. Wanda ya san Maitama ta yau ba zai yarda da yadda take a lokacin ba. Tituna masu faɗi, kwalta baƙa wul, amma sai ka yi tafiya mai nisa da rana tsaka ba ka gamu da mota ba. Gidaje sababbi an shafa musu fenti, an sa labule, babu kowa a ciki. Ba ka jin komai sai takunka da bugun guduma daga wani gini can nesa. Na samu aikin gadi a gidan wani babban ma'aikaci da aka dawo da ofishinsu. Iyalinsa suka ƙi barin Legas, suka ce daji ne. Don ya lallashi 'ya'yansa, oga ya sa aka zuba siminti a bayan gida, aka kafa ƙarfe da allo da kwando irin na ƙwallon kwando, ya sayo ƙwallo ya ajiye. Yaran ba su zo ba. Shi ma kansa duk Juma'a yake hawa jirgi ya koma wurinsu. Sai gidan ya rage mu uku: ni, da direba wanda Bayarabe ne, da mai lambu, wani dattijo Gbagyi mutumin Paikon Kore. Kullum ina share filin nan ba wanda ya taka shi. Ragar kwandon takan yi lilo ko babu iska, ban cika son kallonta ba.

A lokacin ne yayata ta turo mini ɗanta. Ba ta da kowa sai shi. Saƙon da ta ba shi ya kawo mini kalma ɗaya ce: amana. Shekarunsa ba su kai ashirin ba, amma duk ƙofar da zai shiga sai ya sunkuya, kuma babu tabarmar da ke ɗaukarsa, kullum ƙafafunsa a ƙasa suke kwana. A ƙauye tsokanarsa ake yi, ana cewa dogo da hankali dace ne, har ya koyi tafiya a ranƙwafe kamar mai neman gafara. Na samar masa aiki a kasuwar Dei-Dei, yana sauke rodi da katako daga manyan motoci. Can yake kwana, ranar Lahadi ya zo wurina.

Wata Lahadi ya tarar da ƙwallon a kusurwar fili ta sace. Direba ya ba ta iska, don wasa kawai. Yaron ya riƙe ta da hannu ɗaya kamar lemo, ya ɗan yi tsalle ya saka ta a kwando daga sama. Ya ɗauko ya sake sakawa. Direba ya tsaya baki buɗe. Lahadi ta gaba sai ga direban da yayansa, wani gajeren mutum mai ƙaramin tumbi da usur a wuya, wanda ya biyo ma'aikatarsu daga Legas, yana kuma horar da 'yan ƙwallon kwando. Kowa koci yake ce masa. Ya zagaya yaron sau biyu, ya kama gwiwarsa ya matsa, ya buɗe tafin hannunsa ya ɗora nasa a kai.

"Baba mai gadi," ya ce da ni da irin Hausarsu, "wannan kaya ina ka ɓoye shi? Siminti kake ba shi ya ci?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, amana ce. Kada a karya mini ɗan mutane."

Ya yi dariya. "Rodi bai karya shi ba, ƙwallo ne zai karya shi? Dogo, ka iya gudu?"

Yaron ya ce, "In an biyo ni."

"To ni zan biyo ka."

Haka aka fara. Na zaci tsawo kaɗai ya isa wasan, ashe ba haka ba ne. Yaron bahago ne, sai koci ya riƙa ɗaure masa hannun hagu a baya da tsumma, ya sa shi buga ƙwallo a ƙasa da dama tun daga bakin get har ƙarshen layi ya dawo. Ya sa shi tsallen igiya kamar 'yan mata, leburori suna leƙowa suna dariya. Ya hana shi ranƙwafawa, duk lokacin da ya ga ya sunkuyar da kafaɗa sai ya busa usur a kunnensa. Wasan farko da aka sa shi, alƙalin wasa ya fitar da shi tun ba a je ko'ina ba, don yana ture mutane kamar yana gyara lodin katako. Ya dawo ɗakina ya zauna ya ƙi cin abinci. Na ce ya koma Dei-Dei, wannan ba wasan irinmu ba ne. Da safe na ji bugun ƙwallo a bayan gida.

Cikin shekara biyu wani kulob na nan garin ya ɗauke shi, aka ba shi riga mai lamba, aka yanka masa albashi, ya bar sauke kaya. Sau ɗaya na je kallon wasansa, shi ma rabinsa na yi ina duban ƙasa ina addu'a kada ya faɗi a kan ƙashin bayansa. Amma na ga lokacin da wani ya taso zai jefa ƙwallo, yaron ya miƙa hannu ya ɗauke ta a sama kamar mai cire mangwaro, ya wurga wa ɗan uwansa da hannun daman nan da aka sha wahala a kansa. Wurin ya ɗauki ihu. Kafin ya jefa ƙwallo daga kan layi, na lura yakan taɓa ta da goshinsa. Na tambaye shi daga baya, ya ce sunan uwarsa yake kira.

Koci ya zaunar da ni wata rana a kan bencina na gadi. Ya ce yaron yana da hannu, yana da ido, yana da haƙurin koyo, ƙafa ce kawai ta rage masa, ita ma tana zuwa. Ya ce abin da ya fi komai shi ne bai gama tsawo ba. Ya ce akwai masu zuwa daga Turai suna neman irin waɗannan yara, idan Allah ya taimaka nan da shekara biyar za mu gan shi a talabijin. Na tambaye shi ko akwai masallaci a can, ko suna da tuwo, ko sanyi ba zai shiga ƙirjinsa ba. Ya ce, "Baba, kai ko Aljanna aka ce za a kai shi sai ka tambayi ko akwai sauro."

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Wata Talata ce, bayan kaka. Koci yana Legas da takardun yaron wurin mutumin da zai tafi da su Turai. Wajen azahar direba ya shigo a gurguje, ya ce yayansa ya bugo waya ofishin oga, akwai gurbi ɗaya a takarda da ba a cike ba, na tsawo. Awon da ke hannunsa tsoho ne, ya fi shekara, sabo yake so, kuma kafin la'asar, don mutumin a ranar zai tashi. Ya ce in auna yaron, shi zai je ya kai oga wani wuri ya dawo ya karɓa.

Yaron yana ɗakina yana barci. Da safe sun yi horo mai tsanani, ga ɗan zazzaɓi da yake fama da shi tun kwana biyu. Ya miƙe a ƙasa ɗoɗar, ya ja farin mayafina ya rufe har fuska saboda ƙudaje. Na tsaya a kansa na kasa tashinsa, tausayi ya kama ni. Ba ni da tef ɗin awo. Na fita ina dube-dube, sai idona ya faɗa kan damin karan dawa da mai lambu ya kawo daga gonarsa don ya kafa wa tumatir. Na zaro mafi tsawo, miƙaƙƙe.

Wallahi ban yi tunanin komai ba. Hannuna ne ya yi aikin da ya sani. Na durƙusa, na shimfiɗa karan a gefensa daga tsakar ka zuwa diddige, na jera yatsuna huɗu, na karya. Ƙarar karyewar ba ta tashe shi ba. Ko motsi bai yi ba. Na saɓa karan a kafaɗa na fita, da niyyar in kai wani gini da ake yi a ƙarshen layi inda na san akwai kafinta mai tef.

Titin babu kowa, rana ta take. Na wuce gida uku a rufe. Daidai gindin wata bishiya, wasu leburori 'yan arewa suna hutawa. Wani tsoho a cikinsu ya ɗago ya dube ni, ya dubi kafaɗata. Ya ajiye ƙwaryar furar da ke hannunsa, ya miƙe a hankali, ya ɗauki shebur. Na ci gaba da tafiya. Sai na ji taku a bayana. Da na waiga, mutum biyar ne, sun jeru suna biye da ni, biyu da shebur, ɗaya da diga, ba mai magana, kowa kansa a ƙasa. Har a lokacin ban gane ba, na zaci wurin aikinsu za su koma. Sai tsohon ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, dogo ne haka? A ina za a haƙa? Mu baƙi ne, ba mu san makabartar garin nan ba."

Na ji karan ya yi mini nauyi a kafaɗa kamar rodi. Na ce, "Ba wanda ya rasu. Barci yake yi."

Tsohon ya dube ni ya daɗe. "Barci yake yi ka auna shi?"

Ya ja da baya, sauran ma suka ja. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Allah ya kyauta," suka koma gindin bishiyarsu, amma ba su zauna ba, suna tsaye suna kallona har na shiga ginin.

Kafinta ya ja tef a jikin karan, ya rubuta lamba a yagaggiyar takardar siminti ya ba ni. Na dawo da gudu-gudu. Na yaye mayafin daga fuskar yaron na kara kunnena a hancinsa. Yana numfashi. Ina nan durƙushe direba ya yi hon a waje, na miƙa masa takardar ta taga, ya ja mota. Sai da la'asar ta wuce, ina alwala, ina wanke yatsuna, na tuna da su. Yatsu huɗu. Lambar da ta tafi Turai ba tsawon ɗan yayata ba ce. Tsawon kabarinsa ce.

Ban san yadda zan yi da karan ba. In kakkarya shi, abin da ake yi ke nan bayan an rufe mutum. In binne shi, na binne awon mai rai. In jefar, wani ya tsinta. Na kai maganar wurin limamin da muke salla a bayansa. Ya ce camfi ne, rai a hannun Allah yake, kara ba ya kashe kowa. Amma ya ce ƙaryar da ta shiga takarda ita ce abin gyarawa. Da koci ya dawo na same shi na gaya masa na ƙara yatsu huɗu bisa kuskure, ban faɗa masa dalili ba. Ya kwashe da dariya har da riƙe tumbi.

"Shi ne ka rame haka? Baba, takarda ya riga ya tafi. Takalmi zai cike biyu, yaro zai cike biyu. Ka ba shi abinci kawai."

Mai lambu kuwa cewa ya yi, "Kara kara ne, a gonata na yanko. Kawo in kafa wa tumatir ya huta da kai." Na hana shi. Na tura karan a saman rufin ɗakina, tsakanin katako da kwano.

Maganar koci ce ta ba ni abin riƙewa, ko da yake ba yadda ya nufa ba. Na zauna na yi tunani na ga cewa idan yaron ya ƙara yatsu huɗu, abu biyu sun gyaru a lokaci ɗaya. Takarda ta zama gaskiya, ba wanda zai kira shi maƙaryaci a ƙasar mutane ya koro shi. Karan kuma ya tashi daga awon kabarinsa, don babu sauran sarari a ciki, ya zama na wani ko na ba kowa ba. Na san liman ya ce camfi ne, na kuma yarda da shi a kaina. Cikina ne bai yarda ba.

Ban sake kai karan kusa da jikinsa ba. Na jingina shi da bangon da ke bayan famfo, inda yaron ke tsayawa ya wanke fuska bayan horo, na ja layi da gawayi daidai kan karan, na mayar da shi rufi. Daga ranar na zama mai kiwo. Nakan je Dei-Dei wajen masu shanu in sayo nono da man shanu, in dafa wake, in sayo ƙashi a yi romo. Yana cewa, "Kawu, layya za ka yi da ni?" Ina cewa ci dai. Duk lokacin da ya tsaya a famfo ina can gefe da tsintsiya ina satar kallon bango. Idan ruwan sama ya wanke layin, sai in jira ya fita in sauko da karan in sake ja. Wani lokaci in ga kamar ya kusa, washegari in ga kamar layin ya ƙara hawa. Na sha tsayawa ni kaɗai a filin nan da rana, gida shiru, ragar kwando tana lilo, ina auna bango da yatsuna.

Zuwa tsakiyar damina ya ci yatsa ɗaya. Kafin a yanke dawa ya ci na biyu. Wasansa ma ya ƙara kyau, ƙafar da koci ke jira ta zo, har ya iya juyawa da ƙwallo ya bar mai tsaronsa a tsaye. Ina ta addu'a Allah ya jinkirta takardun tafiya ko da shekara ɗaya. Ba su jinkirta ba.

Ranar tafiya da hantsi, direba yana goge mota, koci yana waje yana ta duba agogo. Yaron ya shigo ɗakina ɗaukar jakarsa da na ajiye a sama. Shi ba ya bukatar kujera. Ya zura hannu cikin rufi, ya jawo jakar, sai karan ya biyo ta ya faɗo tsakaninmu.

Ya ɗauka yana murmushi, zai yi wasa. Sai ya ga bakin da aka karya. Ya ga tsawonsa. Shi ma ɗan ƙauyenmu ne, jikan mahaifina ne, ya sha ganin irinsa a kafaɗata. Murmushin ya tafi.

"Kawu, na wane ne?"

Na kasa ɗaga kai.

"Nawa ne?"

Na gaya masa komai, tun daga farin mayafi har leburori da shebur. Ina magana ina jiran ya yi fushi. Koci ya busa usur a waje. Yaron ya fita da karan zuwa filin siminti, ya cire takalmi, ya kafa karan a ƙasa ya tsaya a jikinsa, ya miƙe sosai yadda koci ya koya masa.

"Duba mini. Saura nawa?"

Na hau kan bulo na ɗora hannu a kansa. Na ce, "Biyu."

"Biyu kacal? Shi ne ka shekara kana ɗura mini wake?" Ya yi dariya, amma ba ta kai idonsa ba. Ya miƙo mini karan da hannu biyu. "Ajiye shi, Kawu. Kada ka karya, kada ka ba kowa ya karya. In na dawo na fi shi, ni zan karya shi da hannuna, mu hura wuta mu dafa shayi. Kuma kada Inna ta ji."

Na ce to. Ya sa takalmi ya shiga mota, gwiwoyinsa har suna taɓa haɓarsa.

Wasiƙa biyu na samu, duka ta adireshin gidan oga. A ta farko ya ce sun auna shi ranar da ya isa, mutumin ya dubi takarda ya dube shi ya rubuta wani abu. Sun sa shi cikin 'yan baya, amma yana samun shiga wasa. Ya ce sanyi ya fi yadda na ji tsoro. A ta biyu akwai hoto, yana tsaye a layin baya cikin Turawa da baƙaƙe, ba a ganin ƙafafunsa, don haka ban iya gane komai game da tsawonsa ba, ko da yake na gwada da tsinken ashana. Ya rubuta cewa wani kulob a wata ƙasa yana nemansa, mai horar da su ya ce gabansa a buɗe yake idan gwiwarsa ta riƙe. A ƙasan takardar ya ƙara layi ɗaya: "Saura ɗaya."

Bayan wannan oga ya yi ritaya ya sayar da gidan cikin mako biyu. Direba ya bi shi Legas. Koci aka yi masa canjin wurin aiki, ban san ina ba. Na koma gidan sau da yawa ina tambayar wasiƙa, masu gadin da aka zuba suna cewa ba su ga komai ba, daga baya suka daina buɗe mini get. Na aika tawa wasiƙar ta adireshin da ke bayan ambulan, ba ta dawo ba, amsa ma ba ta zo ba. Mai yiwuwa ya riga ya koma wancan kulob ɗin. Mai yiwuwa ya rubuto sau goma ana zubarwa a shara. Nakan gaya wa kaina haka.

Yayata ta rasu tana tambayata labarinsa. Ban gaya mata maganar kara ba, na cika wannan alkawarin. Ranar jana'izarta aka miƙo mini kara don ni ne babba a gidan, na ce wani ya yi.

Yanzu ina gadin wani shagon katako a Dei-Dei, inda ya fara sauke kaya. Sau huɗu na canza ɗaki, karan yana tare da ni. Gara ta ci mini akwati, ta ci littafi, ta ci ƙafar gado, ba ta taɓa shi ba. Ban ce wannan yana nufin wani abu ba, abin da na gani kawai na faɗa. Shekarun baya na bi ta gidan Maitama, yanzu an ɗaga katanga an sa waya a sama, amma daga tsallaken titi ana hango kan allon kwandon, ya yi baƙi. Da azahar ne, layin shiru kamar da. Na ji bugun ƙwallo a kan siminti, a hankali, irin na mai koyon hannun dama. Na tambayi mai gadi ko akwai yara a gidan, ya ce masu gidan suna ƙasar waje, shekara biyu ba kowa. Ban sake bi ta layin ba.

Na sa yaran kasuwa sun duba mini a wayoyinsu, ba su samu komai ba. Sun ce wataƙila da wani suna aka san shi a can. Ƙarfina yana ƙarewa, kuma ina tsoron ranar da za a shigo ɗakina a tarar da kara a shirye, a ɗauka a yi amfani da shi ko a karya ba a sani ba.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, musamman waɗanda suka yi wasan ƙwallon kwando a Abuja a shekarun farko, ko suka zauna a Turai suka san 'yan wasanmu na can. Mutumin da nake nema yanzu ya manyanta, ƙila ya daina wasa, ƙila yana horar da wasu. Bahago ne amma yana jifa da dama. Yana da tabon rodi a girarsa ta hagu. Yakan taɓa ƙwallo da goshi kafin ya jefa daga kan layi. Wanda ya san inda yake, ko ya san abin da ya same shi, kowane iri ne, ya zo ɓangaren 'yan katako a Dei-Dei ya tambayi tsohon mai gadin da ke ajiye da kara, kowa ya san ni da haka. Idan yana raye, a gaya masa ban karya ba. Idan kuma da hali, a auna mini shi a zo mini da awon, amma don Allah da tef, yana tsaye, idonsa biyu.